Digiri a Kan Mawaƙa Huɗu: Yadda Liverpool Ta Binne Tarihinta, Ta Dawo Tana Tono

 

Idan na ce Liverpool, na san abin da ya faɗo muku a rai: Anfield, jar riga, Mohamed Salah, da musun da ake tafkawa a gidan kallon ƙwallo har sai mai janareta ya kashe wuta. To yau ƙwallo za ta ɗan huta. Garin kansa za mu shiga, mu ga abin da wasu samari huɗu suka yi masa, da abin da shi ma ya yi da sunansu.

Ga yadda maganar ta samo asali. Kwanaki a guruf ɗinmu na WhatsApp, na waɗanda muka gama jami'a tare, wani abokina ya turo labari cewa akwai jami'a a Ingila da ke ba da digiri na biyu a kan ƙungiyar mawaƙan nan The Beatles. Ya rubuta a ƙasa: "Turawa sun ƙoshi." Aka yi ta dariya. Wani ya ce mu da muka karanta abin kirki muna nan muna yawo da takardu a ambulan, su kuma suna ba da digiri a kan masu kaɗa gita. Ni ma na yi dariyar, wallahi har da tura hoton mai hawaye. Shekara biyu na yi ba aiki bayan na gama bautar ƙasa, don haka zolayar ta shige ni sosai.

Amma da dare abin ya tsaya mini a rai. Na ce jami'a ba za ta buɗe kwas ba sai akwai abin da take gani. Na fara karantawa da niyyar in samo abin ƙara dariya a guruf, sai ga shi na kwashe kusan mako uku a kai. Abin da na gano shi na kawo muku yau.

Na san a cikinku akwai waɗanda ba sa sauraron kiɗa sam, kuma ina girmama hakan. Ba zan sa muku waƙa ba, kuma tallar mawaƙa ba ita ta kawo ni ba. Maganar gari ce, da tarihinsa, da wanda ke cin moriyar tarihin.

Mu fara da su wane ne The Beatles. Su huɗu ne: John Lennon, Paul McCartney, George Harrison da Ringo Starr. Duk a Liverpool aka haife su, tsakanin 1940 da 1943, wato ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai a kan garin saboda tashar jiragen ruwansa. Ba 'ya'yan manya ba ne. Mahaifin Harrison direban bas ne. Mahaifiyar McCartney ungozoma ce, ta rasu yana ɗan shekara 14, kuma a gidan haya na gwamnati suka zauna. Lennon a hannun yayar mahaifiyarsa ya tashi, sannan mota ta kaɗe mahaifiyar tasa ta mutu a 1958. Ringo daga unguwar talakawa ta Dingle ya fito, kuma jinya a asibiti ta cinye masa wani babban ɓangare na ƙuruciya, ko karatun kirki bai samu ba.

Garin kuwa gari ne na bakin teku, a gaɓar kogin Mersey. Jirage na zuwa daga Amurka, daga Ireland, daga Afirka ta Yamma. Kamfanin John Holt da iyayenmu suka sani a Najeriya ɗan Liverpool ne, haka ma kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster da ya daɗe yana jigila tsakanin Ingila da Legas. Garin da jirgi ke shiga yana fita, komai na shigowa: kaya, mutane, harsuna, da kiɗa. Waɗannan samari sun taso suna sauraron faya-fayan baƙaƙen fatar Amurka irin su Chuck Berry da Little Richard, suna kwaikwayonsu. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A 1960 suka tafi Hamburg a Jamus, suna wasa a gidajen rawa na sa'o'i masu yawa a kowane dare, suna kwana a ɗaki maras kyau a bayan wani gidan sinima. A can hannunsu ya faɗa. Da suka dawo gida sai suka samu wurin zama a wani kulob da ake kira Cavern, a kan titin Mathew. Ku san Cavern ɗin nan ba wani ƙasaitaccen wuri ba ne. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne na wani tsohon sito, ga zafi, ga cunkoso, bango har zufa yake yi. Tsakanin 1961 da 1963 sun yi wasa a wurin kusan sau 300, har da na tsakar rana, lokacin da ma'aikatan ofis da 'yan mata masu aikin shago ke fitowa cin abinci. A nan Brian Epstein, mai kula da shagon sayar da faya-fayai na gidansu, ya gan su a ƙarshen 1961 ya zama manajansu. Kamfanin Decca ya gwada su ya ce bai so. Kamfanin EMI ya ɗauke su, faifansu na farko ya fito a watan Oktoba na 1962.

Daga nan abin ya zama kamar wutar daji. A watan Fabrairun 1964 suka bayyana a shirin talabijin na Ed Sullivan a Amurka, mutum kusan miliyan 73 suka kalla. A watan Afrilun shekarar, waƙoƙi biyar na sama a jadawalin Amurka duk nasu ne, daga ta ɗaya har ta biyar. A 1970 suka watse. Duka-duka shekara goma ke nan.

To ga inda labarin ya fara ba ni mamaki. Tun 1963 sun koma Landan, don a can kamfanoni suke, a can situdiyo take, a can kuɗi yake. Wasansu na ƙarshe a Liverpool a watan Disambar 1965 aka yi shi. Wasu 'yan garin sun ji haushi, suna ganin yaranmu sun samu duniya sun manta da gida. Wannan ƙorafi ba baƙo ba ne a kunnen kowa.

A daidai wannan lokaci garin ya shiga faɗuwa. Aka fara loda kaya a kwantena, aikin da dubban 'yan dako ke yi a tashar jirgi ya koma hannun injina da mutane ƙalilan. Cinikin Birtaniya ya karkata zuwa Turai, ita kuwa Liverpool tana fuskantar yamma ne, wajen Amurka, sai tashoshin kudu da gabas suka kwashe kasuwa. Tashar Albert Dock ta rufe a 1972. Masana'antu suka riƙa rufewa. Garin da ke da mutum sama da dubu 800 a shekarun 1930 ya dawo ƙasa da rabin miliyan. A 1981 tarzoma ta ɓarke a unguwar Toxteth tsakanin matasa da 'yan sanda, saboda rashin aiki da kuma yadda ake musguna wa baƙaƙen fata. Takardun gwamnati da aka fitar a 2011 sun nuna cewa ministan kuɗi na lokacin, Geoffrey Howe, a gwamnatin Margaret Thatcher, ya kawo shawarar a duba yiwuwar barin garin ya ci gaba da dusashewa a hankali maimakon a yi ta zuba masa kuɗi. Ku ji fa, gari guda ake maganar sallamawa.

Cavern fa? A 1973 aka rufe shi. Hukumar jiragen ƙasa ta ce tana buƙatar wurin don hanyar shan iska ta layin dogo na ƙarƙashin ƙasa. Aka rushe sitocin da ke sama, aka cike ramin da ɓaraguzai. Ƙarshenta ma ba a gina abin da aka ce za a gina a wurin ba, filin ya koma wurin ajiye motoci. Shekara uku kacal bayan watsewar ƙungiyar da ta fi kowace suna a duniya, garinsu ya binne ɗakin da suka fito daga ciki, aka jera motoci a kai.

Kada ku yi saurin cewa mahukuntan garin wawaye ne. Na zauna na yi tunani a kai. A idonsu, Cavern rami ne mai wari inda yara ke tsalle-tsalle. Tarihi a wurinsu shi ne coci, da fadar birni, da mutum-mutumin sarauniya. Abin da yaran talakawa suka yi jiya-jiya da gita bai kai a kira shi tarihi ba. Kuma mutumin da ke fama da rufewar masana'antu, ina ya ga lokacin tunanin wani ɗakin rawa? Kuskuren nasu na fahimta ne: abin na gabansu, amma ba wanda ya zauna ya auna darajarsa.

Abin da ya farkar da su mutuwa ce. A ranar 8 ga Disamba, 1980, wani mutum ya harbe John Lennon a ƙofar gidansa a birnin New York. Dubban mutane suka taru a tsakiyar Liverpool suna makoki. Baƙi suka fara zuwa daga Amurka, daga Japan, daga ko'ina, suna tambaya: ina Cavern? Ina gidan su Lennon? Sai a nuna musu wurin ajiye motoci.

Ku lura da waɗanda suka fara gyara ɓarnar. A 1984 aka sake gina Cavern a kan wani ɓangare na tsohon filin, da bulon asali da aka tono daga ƙasa. Bai yi ƙarko ba, ya sake rufewa a 1989. Waɗanda suka sake buɗe shi a 1991, har ya tsaya da ƙafarsa, wani malamin makaranta ne da wani direban tasi. Gidan tarihin Beatles Story da aka buɗe a Albert Dock a 1990, wasu ma'aurata 'yan garin ne suka tsaya a kansa. Masoya ne suka fara zagayawa da baƙi unguwa-unguwa, suka fara taron shekara-shekara wanda yanzu ake yi duk watan Agusta. Hukuma daga baya ta biyo sahu.

Bayan haka abubuwa suka riƙa biyo juna. National Trust, ƙungiyar da aka fi sani da kula da fadoji da gidajen masu sarauta, ta karɓi ƙaramin gidan hayar da McCartney ya tashi a ciki a titin Forthlin a 1995. Matar Lennon, Yoko Ono, ta sayi gidan da ya tashi a ciki ta miƙa wa ƙungiyar, aka buɗe shi ga jama'a a 2003. Filin jirgin saman garin ya koma Filin Jirgin John Lennon. McCartney ya sa hannu aka ceto ginin tsohuwar makarantarsu ta sakandare, wadda shi da Harrison suka yi, aka mai da shi makarantar koyon fasahar wasanni da kiɗa, ta fara aiki a 1996. A 2008 Liverpool ta zama Babban Birnin Al'adu na Turai, a 2015 UNESCO ta sa ta cikin biranen kiɗa.

Yanzu mu zo kan karatun da muka yi wa dariya. Jami'ar Liverpool ta kafa cibiyar nazarin kiɗan zamani tun 1988. Jami'ar Liverpool Hope ce ta fara digiri na biyu a kan The Beatles a 2009, sannan Jami'ar Liverpool ta buɗe nata a 2021, wanda ya mai da hankali kan masana'antar kiɗa da gadon tarihi. Ni da na ɗauka zama ake yi ana sauraron waƙa ana kaɗa kai. Ashe tambayoyi ake yi irin waɗanda mai mulkin gari ke buƙatar amsarsu. Baƙin nan su wane ne? Nawa suke kashewa, kuma a aljihun wa kuɗin ke ƙarewa? Wane gini ya cancanci a kare shi? Labarin wa ake bayarwa, na wa aka bari?

Ga misali guda. Majalisar birnin ta sa masana daga jami'o'in garin su ƙirga. Rahoton ya fito a 2016, ya ce gadon The Beatles na kawo wa tattalin arzikin Liverpool fam miliyan 81.9 a shekara, yana kuma riƙe da ayyuka 2,335. Ƙungiyar da ta watse tun 1970 ke nan fa, biyu daga cikinsu sun mutu, don Harrison ma ya rasu a 2001. Amma direban tasi, da mai otal, da mai shara, da mai sayar da riga, da ɗan jagora, suna kai abinci gida da sunansu. Da na ga wannan lissafi sai na tuna da ambulan ɗina na takardu, dariyar ta ɗan tsaya mini a wuya.

Amfanin alƙaluma irin waɗannan shi ne suna canza yadda ake zama a teburin shawara. A 1973 wanda ya so a bar Cavern ba shi da abin faɗa sai "muna son wurin". Injiniya kuwa yana da zane, yana da kasafi. Wa kuke gani zai yi nasara? Yau wanda ya tashi kare wani gini yana da takarda a hannu, zai ce ga yawan baƙi, ga yawan ayyuka. Mu masu fafutukar matasa wannan darasi ya shafe mu kai tsaye. Sau nawa muka je gaban hukuma da zafin rai da gaskiya a bakinmu, aka tambaye mu "mutum nawa abin ya shafa?" muka fara kallon juna? Ya faru da ni, kuma har yau ina jin kunyar ranar.

Amma da a ce lissafin kuɗi kaɗai karatun ke yi, da ban ɓata lokacinku ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda bincike ke tono abin da tallar yawon buɗe ido ta rufe.

Labarin da aka saba sayar wa baƙi mai sauƙi ne: farare huɗu masu baiwa sun fito daga wani rami sun girgiza duniya. To amma Liverpool na ɗaya daga cikin garuruwan da ke da al'ummar baƙaƙen fata mafi daɗewa a Birtaniya. Ma'aikatan jirgin ruwa daga Afirka ta Yamma da yankin Karibiyan sun zauna a unguwar Toxteth, wadda ake kira Liverpool 8, suka yi aure suka hayayyafa. Akwai kulob-kulob na 'yan Najeriya, da na 'yan Somaliya, da sauransu, inda ake kiɗa har asuba, kuma samarin farare masu son koyo suna leƙawa.

Akwai wani mutum Harold Phillips, wanda aka fi sani da Lord Woodbine, ɗan Trinidad, mawaƙin kalifso, wanda ya zo Ingila a jirgin Empire Windrush a 1948. Ya ba su wurin wasa tun ba wanda ya san su, kuma yana cikin motar da ta kai su Hamburg a tafiyar farko ta 1960. Shekaru da yawa sunansa bai cika fitowa a labarin ba. Ya mutu a gobarar gida a 2000. Akwai kuma The Chants, samari baƙaƙe 'yan Toxteth masu murya, waɗanda The Beatles da kansu suka kaɗa musu kiɗa a Cavern a 1962. Su ba su samu irin ɗaukakar ba. Sai a 1976 wata ƙungiyar baƙaƙe 'yan unguwar, The Real Thing, ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Birtaniya.

Don a yi adalci, su The Beatles ba su ɓoye inda suka koyo ba, sun sha faɗa da bakinsu cewa mawaƙan baƙaƙen fatar Amurka ne malamansu. A 1964 kuma sun ƙi yarda su yi wasa a Jacksonville ta jihar Florida idan za a raba farare da baƙaƙe a wurin zama, dole masu shirya taron suka sauko. Amma tambayar "kiɗan wa ne wannan?" ta bi su har ƙasarmu. A 1973, shekarar da ake binne Cavern, McCartney yana Legas yana naɗar faifansa Band on the Run da sabuwar ƙungiyarsa. Fela Kuti ya zarge shi da zuwa satar kiɗan Afirka, sai da McCartney ya kunna masa abin da suka naɗa don ya ji da kunnensa.

Akwai wani tono da ya fi wannan zurfi. Arzikin da ya gina manyan gine-ginen Liverpool, wani babban kaso nasa daga cinikin bayi ya fito. A ƙarshen ƙarni na 18 ita ce babbar tashar wannan ciniki a Turai, kuma jiragenta sun kwashi 'yan Afirka kusan miliyan ɗaya da rabi zuwa ƙetaren teku. Majalisar birnin ta nemi afuwa a 1999, aka kuma buɗe gidan tarihin bauta a 2007, a Albert Dock ɗin nan dai, 'yan taku kaɗan daga gidan tarihin The Beatles. A 2020, lokacin zanga-zangar da ta biyo bayan kisan George Floyd, wasu suka shafa wa allunan titin Penny Lane fenti, titin da waƙar The Beatles ta 1967 ta sa ya yi suna, bisa zargin cewa sunan wani dillalin bayi James Penny aka sa masa. Masu bincike suka koma tsofaffin taswirori da takardu, gidan tarihin bautar ya fito ya ce ba a samu hujjar da ta haɗa titin da mutumin ba.

Wannan misali ya koya mini wani abu a matsayina na ɗan gwagwarmaya. Bincike ba ya zaɓar ɓangare. Shi ya dawo da sunan Lord Woodbine cikin labari, shi kuma ya ce wa masu fenti a wannan karon kun yi kuskure. Idan muna son a ji mu lokacin da hujja ke hannunmu, dole mu sauko lokacin da ta kuɓuce mana.

Sai tambaya ta ƙarshe, wadda ta fi damuna: wa ke cin moriyar? Ku san cewa kuɗin waƙoƙin kansu ba Liverpool suke zuwa ba. Tun 1969 haƙƙin mallakar yawancin waƙoƙin Lennon da McCartney ya fita daga hannunsu ya koma wani kamfani. A 1985 Michael Jackson ya sayi kamfanin a kan dala miliyan 47.5, daga baya ya koma hannun Sony. Abin da ya rage wa garin shi ne abin da ba ya ɗaukuwa a jirgi: tituna, gidaje, ƙofar gidan marayu na Strawberry Field, da labarin da ke bakin mutane. Da wannan suke cin abinci.

Kuma ko wannan ɗin bai kai ko'ina ba. Ƙididdigar gwamnati ta 2019 ta sa Liverpool cikin na gaba-gaba a jerin yankunan da talauci ya fi yi wa katutu a Ingila. Baƙo zai sauka a tsakiyar gari, ya ɗauki hoto da mutum-mutumin su huɗun da aka kafa a bakin ruwa a 2015, ya sayi riga, ya tafi, bai taɓa taka unguwar da Ringo ya fito ba sai dai ta tagar mota. Gidan da aka haifi Ringo a titin Madryn ma sai da aka sa shi cikin jerin ɗaruruwan gidajen da za a rushe. Aka yi shekaru ana ja-in-ja kafin a bar shi. Ku dubi abin: sunan mawaƙi ya taimaka an ceci titi, amma iyalan da aka riga aka kwashe daga unguwar sun tafi.

Akwai kuma matasan mawaƙan garin na yau. Wasunsu na kukan cewa gari ya zama gidan tarihi: baƙo ya fi son ya biya ya ga mai kwaikwayon Lennon da ya saurari sabuwar waƙa, ƙananan wuraren wasa kuma ana rufe su ana gina benayen haya. To idan aka rufe irin waɗannan ramuka, a ina wasu huɗun za su fito? Kuskuren 1973 na iya maimaituwa, wannan karon da sunan ci gaba. Masu nazarin nan na cikin waɗanda ke ɗaga wannan tambaya, kuma ni a ganina ita kaɗai ta isa ta halatta kwas ɗin.

Su kansu mutanen Liverpool ba wai sun zama bayin sunan ba ne. A 2008 Ringo ya faɗi a wani shirin talabijin cewa ba abin da yake kewa a garin. Akwai wasu shuke-shuke da aka sassaƙa da siffar su huɗun a wata tashar jirgin ƙasa, sai aka wayi gari an fille kan na Ringo, aka bar sauran ukun. Tsakanin gari da 'ya'yansa da suka yi suna, so da jin haushi tare suke tafiya.

Na koma guruf ɗinmu na tura wa abokina abin da na samo. Ya ce to shi ke nan, amma ai su suna da kuɗin yin irin wannan karatu. Na ce masa a duba shekarun. Lokacin da malamin makaranta da direban tasi suka karɓi Cavern, Liverpool na cikin garuruwan da suka fi talauci a Birtaniya. Ƙoshi bai kai su ga wannan aiki ba, yunwa ce ta sa suka waiwaya suka duba abin da ya rage a hannunsu. Bai ba ni amsa ba tukuna, amma ya daina tura hoton dariya, kuma na san yana sauraron shirin nan. Malam, ina gaisuwa.

Ni dai abin da na ɗauka shi ne na daina raina fannin karatun wani tun ban san tambayar da yake ƙoƙarin amsawa ba. Na kuma fara ɗaukar littafi da biro idan za mu fita aikin unguwa, ina rubuta suna, da adadi, da kwanan wata, ina zama da tsofaffi ina naɗar muryarsu a waya da izininsu. Liverpool ta yi sa'a, ta samu bulonta a ƙarƙashin ƙasa ta sake jerawa. Tsohon da ya san labari idan ya tafi, babu inda za a tono shi.

Ku faɗa mana a ƙasan wannan rubutu: kuna ganin jami'a ta yi daidai da ta buɗe irin wannan kwas, ko har yanzu kuna tare da abokina? Wanda ya ga na yi kuskure a wani wuri ya gyara mini, da hujja. Ku tura wa abokanku magoya bayan Liverpool, su san garin da suke ihu a kansa duk mako.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.